Yadda Mato Mai Huhu Ya Raba Tambayoyi

Duk wanda ya ce maka ya san Zangon Agege amma bai san Mato mai huhu ba, a cikin motar danfo ya wuce, kuma barci yake yi. Mato taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ina da izinin faɗin duk abin da na ga dama a kansa. In ya ji haushi, ga hanyar Malumfashi nan, ya je ya kai ƙara wurin tsofaffi.

Gajere ne. Irin gajartar da in ya tsaya a bayan huhun goro yana magana, baƙo sai ya ɗauka huhun ne ya yi baki. Abin da aka rage masa a tsawo an mayar masa a hanci, kuma da hancin nan yake ci. Aikinsa zaɓen goro da ɗaure shi cikin ganye a siton Alhaji Sale, babban mai safarar goro zuwa Arewa. A zube masa goro tuli guda, ya lumshe ido, ya miƙa hannu ya zaro ɗaya mai sankara, ciwon nan da ke cinye goro ta ciki ya bar bayansa sumul. Akwai ranar da ya jiyo warin sankara tun motar tana can garin Ota. Ni na faɗa, ban kuwa janye ba. Huhun da ya ɗaure, ya je Kano ya wuce Yamai, a kwance shi bayan wata biyu a tarar da goro kamar jiya aka tsinko shi.

Cin rani ya zo yi Legas a shekarar 1981. Wata uku ya ce wa mahaifiyarsa. Ranin nan har yau bai gama cinye shi ba. Bayan shekara biyar ya je gida ya auro Laraba, suka kama ɗaki biyu a wani gidan haya bayan layin dogo, inda jirgi in zai wuce kwanuka ke gaisawa da juna a kan kanta.

Kirista ne tun haihuwa. Kawu Bamaguje ne da ya bi 'yan mishan tun yana saurayi, ya kuma rene 'ya'yansa a kai. Mato ya yi aji huɗu a firamare, sauran karatunsa a ajin coci ya same shi. Ranar Lahadi zai zura kaftaninsa mai ruwan toka, ya naɗe Littafi Mai Tsarki cikin leda har ninki uku saboda ruwan Legas ba ya sallama, ya nufi cocin da ake sujada da Hausa. Yawancin masu zuwa can mutanen kudancin Kaduna ne da Filato, masu gadi a Ikeja da 'yan dako a kasuwar Mile 12. Shi kaɗai ne Bahaushe gaba da baya a cikinsu, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Amma in kana son ka san inda ran Mato yake, ba a sito ba ne, ba kuma a ɗakinsa ba. A tabarmar ƙofar gidan Alhaji Sale yake. Can magidanta shida suke ciyayya tun kafin a haifi rabin 'yan okadar Agege. Kowa matarsa ta aiko da kwanonsa, a jera, a ci tare. In an kira magariba biyar su tashi su shiga masallaci, Mato ya zauna gadin kwanuka da takalma. Shekara goma sha tara akuyar unguwar ba ta taɓa cin nasara a kansa ba. In sun dawo su yi bisimillarsu, shi ya sunkuya ya yi tasa addu'ar a ciki, hannuwa su haɗu a tuwo. Ko kazar Kirsimeti ba ya yankawa da kansa. Sai ya rungumo ta ya kawo wa Malam Zayyanu ya yanka, don kowa a tabarmar ya iya ci.

Malam Zayyanu tela ne, Bazazzage, dogo siriri kamar gorar tallan rake. Shekara goma ya yi a zauren malaminsa a Zariya kafin ya kama keken ɗinki, kuma yana son gardama yadda wasu ke son nama. Shi ne ƙarami a tabarmar, da shekara biyu kacal Mato ya girme shi. Shi ne kuma kullum farkon sa hannu a kwanon Laraba. Yakan ce duk Legas mace ɗaya ce ta san adadin daddawar da miyar kuka ke bukata, kuma abin takaici Bamaguje ne ya aure ta. Yana ci yana jifan Mato da tambaya a kan addininsa. Mato ya amsa abin da ya iya, wanda bai iya ba ya tura loma, sauran su yi dariya.

Sai aka shiga shekarar 2000. Sojoji sun koma bariki, kowa bakinsa ya buɗe, rediyo kuma kullum labarin shari'a a Arewa da abin da ya faru a Kaduna. Wata rana aka ci tuwo shiru, kowa na jin ƙarar haɗiyar ɗan'uwansa. Da aka wanke hannu Alhaji Sale ya kafa doka: daga yau ba a maganar addini a kan abinci a ƙofar gidansa. A yi hirar ruwan sama, a yi ta cunkoson Oshodi, a yi ta 'yan majalisa in an rasa abin yi. Malam Zayyanu ya haɗiye gardamarsa kamar mai shan maɗaci, har ya ɗan rame.

A coci kuwa wata damuwar ce ta taso. Samarin nan masu gadi da dako suna kwana suna tashi da Musulmi, ana yi musu tambayoyi, ba su da amsa. Wasu su yi shiru su dawo da kunya, wasu su mayar da zagi, wanda ya fi muni. Fasto Ɗanbaba, mai kula da cocin, ya kira Mato ya ce ya rubuta musu amsoshi cikin Hausa mai sauƙi, tunda shi ya fi kowa sanin yadda ake tambayar da yadda kunnen Bahaushe ke son jin amsa. Mato ya yarda, da sharaɗi ɗaya: ba zai rubuta kalma ko guda ta zagi ba, don bai iya zagin mutumin da suke haɗa hannu a kwano ba. Fasto ya ce abin da yake nema ke nan.

Ya sayi littafin rubutu mai falle arba'in da biro biyu. Kowace Lahadi bayan sujada ya shige sito, ya kifa kwando ya mai da shi tebur, ya fitar da harshe gefe guda, ya hau aiki. Rubutun Mato kamar an tsoma kaza a tawada an sake ta. Wata bakwai ya yi. Biron farko bai ƙare ba, cinye shi ya yi ta baya saboda tunani. Tambayoyi goma sha ɗaya ya tara, duka daga cikin waɗanda aka yi ta jifansa da su a tabarma, don kansa ba ya zubar da komai.

Gaskiya, ko da yake taubashina ne, wasu amsoshin sun zauna. A kan masu cewa an canza Linjila, ya rubuta cewa wanda ya ce an musanya huhu, shi ne zai faɗi a wace hanya, wace rana, kuma ina na asalin ya shiga. Goron gona ɗaya in ya riga ya bazu Kano da Sakkwato da Maiduguri da Agadas, babu mai ƙafar da zai bi shi rumfa-rumfa ya musanya duka. Littafin nan kuwa ya riga ya shiga ƙasashe da harsuna, a hannun mutanen da ba sa ma ga-maciji da juna, tun kafin a fara wannan zance. A kan kiran Yesu Ɗan Allah, ya rubuta cewa duk wanda ya ce Allah ya yi aure ya haihu, Kirista ne zai fara toshe masa baki. Abin da suke nufi shi ne Kalmar Allah, wadda take tare da Shi tun fil azal, ta zo cikin jiki ta zauna da mutane. A kan gicciye, inda ake cewa yaya Allah zai bar zaɓaɓɓensa ya wulaƙanta, ya tuna da ambaliyar da aka yi wata shekara, da wani attajirin Zango ya tuɓe babbar riga ya faɗa kwalbati ya ciro wata tsohuwa mai tallan burodi. Ya fito duk caɓi har gemu. Babu wanda ya ce girmansa ya zube, ranar ma aka san girman nasa. Ya ce haka suka fahimci gicciye: sauka ce don ceto.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta Triniti, wato yadda Kirista ke cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, su kuma ce Allah ɗaya ne. Nan Mato ya ji daɗin kansa ƙwarai. Ya kawo misalin hannunruwa, goron nan na Yarabawa mai ɓari uku. Ɓari uku, goro ɗaya. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da ya gama sai ya ga tambayoyin tsirara suke. A rediyo in za a amsa wasiƙa, sai an faɗi sunan mai tambaya da garinsu, a gaishe shi, a gaida iyalinsa. Tambaya marar suna a wurin Mato kamar wasiƙar ɓarawo ce. Don haka ya yanke shawarar karrama abokan cin tuwonsa, ya sa sunayensu. Yaya zai raba? Mutumin da ya yi shekara ashirin yana rabon goro a suna da ɗaurin aure hanya ɗaya ya sani. Babban fari na babba ne, mai bi masa na mai bi masa, ƙananan jajaye na yara. Ya ɗauki tambayar Triniti, da yake ita ce babba, ya rubuta a kanta: Alhaji Sale, maigidanmu, ya tambaya. Alhajin da tun da aka san shi tambayarsa ɗaya ce a duniya, ko mota ta iso. Ya bi sauran dattawan da uku-uku, gwargwadon furfura. Da ya iso kan ƙaramin tabarma, saura guda ɗaya a ƙasan kwando, ta goma sha ɗaya: me ya sa Kirista ke shiga ɗakin sujada da takalmi? Ya rubuta: Malam Zayyanu tela ya tambaya. Alhali tara daga cikin goma sha ɗayan nan daga bakin Zayyanu suka fito.

Aka buga a wani shagon buga takardu a Ikeja, aka yi kwafi arba'in, aka raba a coci. Don 'yan coci aka yi, amma takarda a Agege ƙafa gare ta. Wani mai gadi ya nuna wa abokin aikinsa, shi kuma ya ara wa mai shayi. Kafin Laraba, ranar nake nufi ba matar ba, ta isa shagon tela.

Ranar Alhamis Malam Zayyanu ya zo tabarma kamar kullum. Ya gaida kowa, har Mato. Ya ci tuwon gidan Alhaji, ya ci shinkafar wancan, ya taɓa dambun wannan. Kwanon Laraba kuwa ko kallonsa bai yi ba. Mato ya ɗan tura masa shi da yatsa. Zayyanu ya juya yana tambayar Alhaji labarin hanyar Ibadan. Washegari haka. Jibi haka. Kwana tara kwanon yana komawa gida da gefe guda a tsaye kamar katanga, daidai inda Zayyanu ya saba rusawa.

Mato ya shiga wani hali. Dokar Alhaji ta hana shi tambaya a tabarma, kunya ta hana shi zuwa shago. A ransa ya gama yanke hukunci cewa Malam ya karanta, ya ga ya kare gicciye da Triniti baƙi a kan fari, ya ɗauke shi kafirin da ba a cin abincinsa. Yau Zayyanu ne, gobe wani zai janye hannu, jibi a ce masa ya dinga ci a ɗakinsa. Har sankara biyu suka wuce ta gaban hancinsa a makon nan, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya je wurin Fasto Ɗanbaba ya ce shi fa ba zai iya goge ko layi ɗaya na abin da ya gaskata ba, amma in aka tashe shi daga tabarmar nan bai san inda zai kai bakinsa ba, tuwo ba zai ƙara yi masa daɗi ba. Fasto ya ce su yi addu'a. Suka yi. Mato ya fito da damuwarsa a kafaɗa yadda ya shiga da ita.

Shi kuwa Alhaji Sale harkarsa ta buɗe. Mutane na tsayawa a sito suna cewa ashe Alhaji haka yake da zurfi, ya ɓoye. Ya sa aka karanta masa tambayarsa sau biyu, ya gyaɗa kai, ya ce lallai ya yi tambaya.

Laraba ce ta gaji. A wurin injin markaɗe ta tare Furera, matar Zayyanu, ta tambaye ta ko wani abu aka ce an gani a miyarta. Furera ta ajiye roba ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, wace miya? Mutumin da ke dawowa gida ya zauna yana yi mini kwatancen miyarki kamar wanda aka yi wa rasuwa? Takalmi ne."

Ta ba ta labari. Tun da takardar ta shiga shago, abokan sana'a suka sa wa mijinta Malam Takalmi. Mai kawo ɗinki sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko ya cire ko ya shigo da shi. A gida kuwa safa da marwa yake yi da takardar a hannu, yana cewa shi Zayyanu, shekara goma a gaban malam, a rasa abin da za a jingina masa sai takalmi.

Laraba ta kawo wa Mato labarin. Sai ya ce ai bisa tsari ya raba. Laraba ta ce to ya je ya ci tsarin.

Ranar Asabar da hantsi ya zaɓi fararen goro masu kyau, ya ƙulle a ganye, ya tafi shagon. Zayyanu na kan keke, bai ɗago ba. Mato ya yi sallama, ya tsaya yana duban ƙafafunsa, don shi ma yanzu bai san ko ya cire ba.

"Shigo da shi, Bamaguje. Ai kai ka rubuta halas ne."

Mato ya zauna a kan buhun ƙyalle, ya ajiye goron, ya ce ya zo ban haƙuri, kuma ya ɗauka abin da ya rubuta na addininsa ne ya ɓata wa Malam rai. Zayyanu ya tsayar da keke.

"Addininka naka ne. Da aka ce ka kare shi ka kasa, da na raina ka. Ni sata ce ta dame ni. Tambayar nan ta farko, wa ya yi maka ita?"

"Kai ne, Malam."

"Yaushe?"

"Shekarar da aka haifi 'yarka Nazifa. Muna cin dambu."

"To me ya kai ta wurin Alhaji?"

"Ita ce babba," in ji Mato a hankali. "Shi ne babba."

Zayyanu ya dube shi kamar mai auna wuyan riga. Ya ce shi bai taɓa jin inda aka raba ilimi da furfura ba sai a wurin mai huhu. Kuma ba satar kaɗai ba, an yanke wa tambayar wutsiya. Yadda ya yi ta, kai uku gare ta, Mato ya kawo ɗaya, mafi laushi, ya amsa abinsa ya ja layi. Ya aika aka karɓo masa hannunruwa guda a wurin wata Bayarabiya mai tebur a bakin titi. Ya ɓare shi uku a tafin hannu, ya miƙa wa Mato ɓari ɗaya.

"Wannan da ke hannunka, goro ne cikakke ko sulusi?"

Mato ya juya shi. Mai sana'a ba ya ƙarya a kan kayan sana'arsa. Ya ce sulusi ne.

"To Yesun naka sulusin Allah ne?"

Mato ya ce a'a, ba haka suka gaskata ba, ko kusa. Zayyanu ya ce to ya ɗauke goronsa daga wurin, don ya ba yaran cocinsu sanda mai tsagewa, ranar da suka dogara da ita za su faɗi a gaban wanda bai kai shi tausayi ba. Mato ya jefa ɓarin a baki ya tauna. Yauƙi gare shi, ga ɗaci. Ya ce Malam ya faɗi tambayar yadda take, da kawunanta uku, shi zai rubuta da hannunsa, ba zai rage ko wasali ba. Zayyanu ya gyara zama. Wata takwas yana azumin gardama, ranar ya sha ruwa. Shafi uku tambayar ta ci, har wani mai jiran wandonsa ya gaji ya tafi. Da Mato zai fita, Zayyanu ya ce hannunsa da kwanon Laraba sai ranar da ya ga sunansa a inda ya dace, da amsar da ta san da wa take magana.

Saura Alhaji. Kwana biyu Mato yana zagaye shi, don karɓe goro daga hannun babba bayan an ba shi ba ƙaramin abu ba ne. Da ya daure ya faɗa, Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya yi masa albarka. Ashe tun makon jiya wasu ɗalibai ke zuwa neman ƙarin bayani a kan tambayarsa, har ya koma ɓuya a bayan huhuna yana cewa a ce ya tafi Oyingbo. Ya ce a mayar wa mai ita. Amma kada a cire sunansa gaba ɗaya, yana da tasa ta kansa, wadda ya daɗe yana riƙe da ita. Ya rage murya.

"In na riga ka, addininku ya yarda ka raka ni maƙabarta?"

Mato ya ce ya yarda, kuma ko ba a ba shi wuri a sahu ba, za a same shi a wurin haƙa. Alhaji ya ce a rubuta haka nan. Sai ya tambaya ko mota ta iso.

Mako biyu Mato ya yi a kan amsar Zayyanu. Ya je wurin Fasto sau huɗu, ya karanta Linjila daga farko har inda idonsa ya yi ruwa, ya yaga shafi ya fi goma. Abin da ya rage a ƙarshe bai kai rabin tsawon tambayar ba. Ya rubuta cewa ya janye misalin goro, domin Malam Zayyanu ya nuna masa gurgu ne, kuma duk misalin da za a kawo gurgu ne, tunda babu abin da ya yi kama da Allah. Kirista ba sa ƙirga Allah yadda ake ƙirga kaya. Ɗaya ne, ba ya rabuwa. Amma sun karanta labarin wanda ya gafarta zunubi da bakinsa, ya tsawata wa teku ta kwanta, ya mutu ya tashi, yana kuma kiran Allah Ubansa, ya yi alkawarin Ruhu mai zama a cikin masu bi. Ba su sami inda za su ajiye shi a cikin halittu ba, ba su kuma yarda Allah ya zama biyu ba. Triniti sunan da suka ba abin da aka nuna musu ne, ba wayonsu ne ya gano shi ba. Kai na uku na tambayar kuwa, ya rubuta a fili cewa bai san amsarsa ba, kuma ya fi son yaran coci su ce ba su sani ba da su ƙirƙira.

Aka sake bugawa. Ranar Talata ya kawo kwafi ɗaya tabarma, ya miƙa wa Zayyanu bayan sun fito daga magariba. Zayyanu ya ƙi zama. Ya koma ƙarƙashin fitilar mai shayi ya karanta a tsaye, saboda dokar Alhaji, yana bin layi da yatsa. Sauran suka zauna da kwanuka a rufe suna jira, tuwo na hucewa. Ya duba sunansa a saman shafin farko, ya duba tambayarsa ko an taɓa ta, sannan ya karanta amsar sau biyu. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

"Ban yarda ba," in ji shi. "Ko kaɗan. Amma wannan amsar manya ce. Wancan karon da yaro ka yi magana."

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce an fara shiga haramtacciyar gona, a zauna. Zayyanu ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya tsallake kwanon gidan Alhaji da na gidansa, ya jawo na Laraba gabansa. Loma ta farko ya ce an rage daddawa, an ga ba ya nan an lalace. Ramuwar sati uku da 'yan kwanaki ya yi a zama ɗaya. Ni dai an ce mini har kwanon ya ɗaga ya leƙa ƙarƙashinsa. Mato na gefe da hannu a wanke, loma biyu ya samu, yana ta murmushi kamar shi ake ciyarwa.

Da ya koma gida ya miƙa wa Laraba kwanon. Ta karkata shi wajen haske, ta ga ko na almajiri ba a bari ba, ta dubi mijinta ta ga cikinsa a lafe. Ta ɗauko garin kwaki ta jiƙa masa, ta jefa ƙuli-ƙuli biyu a kai.